Mabuɗin da Ya Biyo Ni Gure

Tun ranar da na dawo daga Turai, 'yan fadarmu ta hira ba su bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Malam Gaji yana so ya san ko da gaske ne maza na ɗaura zane a can. Alhaji Mamman kuwa, da yake rediyo ba ya barin kunnensa, kullum tambayarsa guda ce: "Mushe, kai da ka gani da idonka, me ya sa mutanen nan suke so su raba ƙasa, ga ruwa ga abinci?" Na gaji da maimaitawa, kuma na lura labarin ƙara tsawo yake yi a bakin waɗanda ba su je ba. Shi ya sa na zauna na rubuta shi sau ɗaya. Wanda ya sake tambayata, takarda zan miƙa masa.

Shekara talatin na yi ina koyar da Ingilishi a kwalej ɗin Gure (shi ya sa ake ce mini Mushe, yadda ake kiran malamin boko a wajenmu), ban taɓa taka ƙasar masu harshen ba sai bayan na ajiye alli. Ƙanena Bukar, likitan dabbobi ne a arewacin Ingila, shi ya aiko mini da tikitin jirgi. Maganar biza ba zan shiga ba, don ita kaɗai littafi ce.

Akwai abu guda da ya kamata wanda bai san gidanmu ba ya sani. Mahaifinmu mai masauki ne. Fatake daga Najeriya, mutanen Gaidam da Nguru, a zaurenmu suke sauka idan sun zo sayen raƙuma da kanwa da dabino. Kowane baƙo na dindindin yana barin butarsa a gidan, a rataye masa ita a ƙusa, ba mai taɓa ta har ya dawo baɗi. Ranar da mutum ya aiko a ba shi butarsa, an san ya yanke masauki ke nan. Har yau akwai guda ɗaya a zauren, ta wani Alhaji na Gaidam da ya daina zuwa tun ina saurayi. Bai aiko a karɓa ba, don haka tana nan. Abu na biyu da muka gada wajen tsohon shi ne saƙo: in ka karɓa, ko za ka kwana a hanya sai ka kai shi hannun mai shi. Ina alfahari da wannan, kuma ba na ɓoyewa.

Da aka ji zan tafi Turai, gidana ya koma tasha. Wata tsohuwa ta taso tun daga Gidigir da ƙullin daddawa, wai in kai wa ɗanta. Na ce wane gari yake? Ta ce, "Turai mana, Mushe. In ka je kasuwarsu ka tambayi Ari mai tsawo." Daga baya aka gano a Italiya yake. Na mayar mata da ƙullinta, ta tafi tana cewa boko ya ɓata ni.

Daga Gure zuwa Damagaram damina ta ci gefen hanya wuri biyu, muka sauka muka tura. Daga Damagaram zuwa Yamai kuwa duk kun san ta: jandarma ya hau, kowa ya fito da katinsa na ɗan ƙasa, jandarma ya sauka. Na kwana biyu wajen wani tsohon ɗalibina, sannan na hau jirgi. A filin jirgin Ingila wata ma'aikaciyar duwan, wato kwastan, ta buɗe jakata, ta ɗaga kilishin da mai ɗakina Falmata ta naɗe wa Bukar, ta ce nama ba ya shiga. Ta faɗa da ladabi har na kusa yi mata godiya. Dabinon kwarinmu dai ya wuce. A nan kuma na fara gane cewa Ingilishin da na shekara talatin ina koyarwa na littafi ne. Nasu na baki sai na ce a maimaita.

Na yi mako guda a gidan Bukar. Ana nan sai aiki ya taso masa a wasu gonakin tumaki a yammacin Sikotlan, ya ce in raka shi. Lokacin saura 'yan makonni a yi zaɓen raba gardama, ko Sikotlan ta ci gashin kanta ko ta ci gaba da zama tare da Ingila.

Da ya ce mun kusa iyaka, na fito da fasfo da takardar rigakafi, na gyara hula, na shirya fuskar da muke shiryawa. Muka yi ta tafiya. Can na ce, "Bukar, ina iyakar?"

Ya ce, "Yaya, ai mun wuce ta tun ɗazu. Ba ka ga allon nan mai shuɗi ba?"

Ba igiya, ba ganga, ba ko mai sayar da ruwa. Na mayar da fasfona aljihu ina jin kamar wanda ya shirya wa biki aka ce an ɗaga. Amma daga nan na fara ganin takardu a tagogin gidaje da bayan motoci, wasu an rubuta "Na'am", wasu "A'a". Har a gonaki an kafa su, tumaki na kiwo a ƙarƙashi.

Masaukinmu wani gida ne a ƙauyen masunta a bakin teku. Ɗaki biyar ne na baƙi, mai gidan kuma wata dattijuwa ce, Madam Fiyona, gajeruwa mai saurin tafiya. A tagar falonta akwai babbar takardar "Na'am". Na ba ta dabino, ta ci ɗaya ta ce bai yi kama da na kanti ba. Na ce ai ba zai yi ba.

Sanyi ake yi, wai kuma lokacin zafinsu ke nan. Rana ba ta son faɗuwa. Sai in zauna ina jiran magariba har yunwa ta kama ni. Da safe ana ba da wani kunu mai kauri da gishiri a ciki, sai kifi mai hayaƙi da dankali. Akwai wani abincinsu na kayan cikin tunkiya da suke ji da shi; na ce ban san wanda ya yanka ba, Madam ta ce ita ma ba ta sani ba, muka bar shi a haka. Kifi na yi ta ci har na dawo.

Ɓarnar da na yi a rana ta biyu ce. Gidan ba buta. Na shiga kicin neman abin da zan ɗebi ruwan alwala, sai na ga wani babban kofi mai ruwan ƙasa shi kaɗai a kan kanta, kusa da wata kwalbar zuma. Na ɗauka na yi alwalata a bayan gida. Ina dawowa muka haɗu da Madam a ƙofa. Ta dubi kofin, fuskarta ta sauya. Ba ta yi faɗa ba. Ta karɓa da hannu biyu, ta wanke, ta goge, ta mayar daidai inda yake.

Ta ce, "Na Harold ne."

Kunya ta kama ni sosai, don na gane abin da na taɓa. Da wani ya yi wa butar zaurenmu haka, da an ji muryar mahaifina har kasuwa.

Da yamma, Bukar yana can wajen tumakinsa, ta ba ni labari. Harold ɗan Ingila ne, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. Fiye da shekara ashirin yana zuwa duk irin wannan lokaci, da can da matarsa, bayan ta rasu shi kaɗai. Ɗakinsa shi ne na sama mai kallon teku. Har mabuɗi ta yanka masa nasa na kansa, yana tafiya da shi gida. Idan zai koma ta ba shi kwalbar zumar amyarta. Kowace sabuwar shekara takan aika masa da kati da hoton gidan. Bana ta aika kamar kullum, ba ta lura takardar "Na'am" ta fito a hoton ba. Amsar da ta zo layi biyu ce: ya gode, bana ba zai samu zuwa ba.

Na ce, "Kin kira shi?"

Ta ce, "In ce masa me? Ni gwamnatin kaina nake so. Ban ce ba na son Harold ba."

"To ɗakin fa?"

"Yana nan a rufe. Jiya ma na mayar da wasu Jamusawa biyu."

Wannan shi ne abin da ke damun ta, kuma ba ita kaɗai maganar baƙi ta dama ba. Ƙauyen nan da 'yan yawon buɗe ido yake rayuwa, yawancinsu kuma daga Ingila suke zuwa. Kowace safiya a teburin karin kumallo sai an taɓa maganar. Madam ta ce mutane na bugo waya suna tambaya ko baɗi sai da fasfo, ko za a sauya kuɗi, ko za a zage su a hanya in an ga lambar motarsu. Wani mai kwalekwale da ke kai baƙi kallon tsuntsaye, wanda ke kawo mata kifi, ya ce ai alheri ne: duniya ta ji sunan ƙasar, baƙi ƙaruwa za su yi. Wasu mata da miji 'yan Ingila da muke tare suka ce su sun zo ne su ga wurin kafin ya zama ƙasar waje. Matar ta faɗa da dariya, amma ba wanda ya taya ta.

Mijin ya juyo ya tambaye ni yadda muke yi a wajenmu. Na ce mu iyaka muka tashi muka tarar, wasu ne suka ja mana ita, ba a tambaye mu ba. Wani lokaci a rufe, wani lokaci a buɗe. Amma duk wanda ke da mai masauki a ɗaya gefen yakan san yadda ya yi ya iso. Ya ce abin sha'awa ne, ya ci gaba da shafa wa burodinsa man shanu.

Abin da na lura da shi, gardamarsu ba hayaniya. Mutum zai gaya maka abin da zai raba ku har abada, sannan ya tambaye ka ko a ƙara maka shayi. Da a fadarmu ne, da Alhaji Mamman ya tashi tsaye sau uku.

Ranar da za mu tafi, mun sa kaya a mota, na yi abin da kowane ɗan gidanmu zai yi. Na ce, "Madam, kudu muka nufa. Ba ki da saƙo?"

Ba ta gane ba. Na yi mata bayani cewa a wajenmu matafiyi ba ya wuce garin wani hannu rabbana. Bukar ya ce mini da Hausa, "Yaya, don Allah. Nan ba a yin haka. Suna da gidan waya, kwana ɗaya kaya ke yi."

Na ce, "Gidan waya yana gaisuwa?"

Madam ta tsaya tana kallonmu. Sai ta shiga ciki, ta fito da kwalbar zumar, ta rubuta adireshi a bayan wata ambulan. Ta yi 'yar dariya ta ce, "Ka ce masa ta bana ba ta kai ta bara daɗi ba." Ta miƙo mini.

A hanya Bukar ya dage sai an buga wa mutumin waya tukuna, wai ba a faɗo wa Bature gida haka nan. Na ce in aka buga zai ce a bar shi, shi ke nan saƙo ya mutu a hannuna. Ya ce, "In ya kira mana 'yan sanda, kai za ka yi bayani." Na ce na yarda. Muka sake ratsa iyakar nan da ba a gani, wannan karon ban ko taɓa aljihu ba.

Garin Harold ratse ne na kusan awa guda daga hanyarmu. Gida ne ƙarami na jan bulo, cikin jerin gidaje masu kama ɗaya. Bukar ya ƙi fitowa daga mota. Na ƙwanƙwasa. Wani dogon tsoho ya buɗe ƙofar kaɗan, ya dubi babbar rigata da hulata. Na fara gaisuwa yadda ta kamata, ina tambayar lafiyarsa da ta gida da gajiya. Ya katse ni ya ce ba ya sayen komai, kuma yana da nasa addinin.

Na ɗaga kwalbar.

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya buɗe ƙofar duka.

Ya dafa shayi, ya sa na kira Bukar. Falon cike da hotunan ƙauyen nan na bakin teku. Na isar da saƙo kalma da kalma, har da cewa ta bana ba ta kai ta bara ba. Ya ce, "Haka take faɗa kowace shekara." Ya buɗe kwalbar ya shinshina, ya rufe.

Ya ce, "Takardar tana nan a taga?"

Na so in ce ban lura ba, amma ɗan saƙo ba ya ƙarya. Na ce tana nan. Na ƙara da cewa kofinsa ma yana nan, ɗakinsa kuma a rufe, ta mayar da Jamusawa biyu. Maganar alwala na bar ta a cikina.

Ya ce shi ba fushi yake yi ba, kowa na da ikon zaɓen abin da yake so. Ya ce, "Shekara ashirin da wani abu ina hawa jirgin ƙasa ina cewa zan tafi gida na biyu. Matata a tekun can ta ce a watsa tokarta bayan an ƙona gawarta. Da na ga hoton, sai na gane ashe duk shekarun nan baƙo nake, ana yi mini kirki. Ko wa ya ci zaɓen, na riga na gani."

Na ce masa a garinmu ba abin kunya ba ne mutum ya zama baƙo. Na ba shi labarin butocin zaurenmu, na ce waɗanda mahaifina ya fi ji da su duk daga wata ƙasa suke zuwa, kuma da ya rasu su suka fi kowa kuka. Ya saurara har ƙarshe. Ya ce, "Mahaifinka ya taɓa liƙa takarda a ƙofa cewa yana so a raba shi da su?" Na ce a'a.

Da muka tashi, ya shiga ciki ya fito da wani mabuɗi ɗaure da jan zare. Ya ce, "Tunda kai mai kai saƙo ne, ka mayar mata. Ta ba wa Jamusawanta ɗakin."

Na ce, "Ni ba zan koma Sikotlan ba. Jibi zan hau jirgi zuwa ƙasarmu, kuma garinmu daga filin jirgin ma kwana biyu ne a mota."

Ya ce, "Ba sauri." Ya sa mini shi a tafin hannu, ya naɗe yatsuna a kai.

A mota Bukar ya ce in ba shi, gobe ya jefa a gidan waya, jibi ya isa. Na ce ni aka ba wa. A ƙarshen layin Harold ɗin, taku kaɗan daga ƙofarsa, akwai jan akwatin wasiƙu. Mun wuce ta gabansa. Na nuna wa Bukar. Na ce mutumin da ke son mabuɗi ya isa ba zai tsallake wannan ya ba wa mutumin Gure ba. Bukar ya ce, "Yaya, wannan fassararka ce." Na ce na sani.

Dawowa ba wani labari, sai dai jakata ta yi kwana uku a wani gari kafin ta biyo ni Yamai. Sakamakon zaɓen a nan fada muka ji shi, a rediyon Alhaji Mamman: masu "A'a" suka yi rinjaye, ƙasar ba ta rabu ba. Alhaji ya ce, "To ka gani, duk hayaniyar banza." Ban san ko baƙin Ingila sun ƙaru ko sun ragu a ƙauyen nan ba, kuma duk wanda ya ce muku na faɗi adadi ƙarya yake mini. Baƙo ɗaya na sani.

Kwanan baya Bukar ya kira ni a salula. Aiki ya sake kai shi can, ya sauka wajen Madam Fiyona. Ya ce ta cire takardar daga taga tun da zaɓe ya wuce. Ta tambaye shi ko na kai zumar, ya ce na kai. Ta ce Harold ya ba da wani saƙo? Bukar ya ce mata shi dai direba ne, sai ta tambayi yayansa. Ya ce har yanzu kofin na kan kanta, kuma ta ce baɗi ma ba za ta ba da ɗakin ba, tunda mai shi bai dawo da mabuɗi ba.

Ga inda maganar ta tsaya. Ina jin nauyinta, ba zan ce ba na ji ba. Wataƙila ina sa dattijuwa tana rufe ɗaki a banza, wataƙila kuma tsohon yana can yana jiran ya ji an ce mabuɗin bai iso ba. Tun da na yi wayo ban taɓa riƙe saƙon mutum ba sai wannan.

Falmata ce ta gan shi tana sharar zaure. Ta ce, "Malam, wannan mabuɗin wane ɗaki ne ka rataye kusa da butar Alhajin Gaidam?"

Na ce, "Na wani baƙo ne. Ki bar shi nan, bai yanke masauki ba tukuna."